Muna Nesa da Ɗinkin Ƙwarya, Amma Tafkin Nyos Ya Ci Mutanenmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, na rubuto ne kan rahoton da kuka buga game da aman wutar duwatsu a Indunusiya. Rahoton ya yi ma'ana, sai dai ƙarshensa, inda kuka ce mu a wannan yanki mu kwantar da hankalinmu tunda muna nesa da inda ƙasa ke motsi. Wannan magana ta tsaya mini a rai.

Rabinta gaskiya ne. Idan ina koyar da ɗalibaina labarin ƙasa, nakan zo aji da tsohuwar ƙwarya wadda ta fashe aka ɗinke ta. Haka ɓawon duniya yake, manya-manyan ɓangarori ne, kowanne yana gusawa santimita kaɗan a shekara, kamar yadda farce ke tsiro. Galibin wutar kuwa ta wajen ɗinkin take ɓullowa.

Inda ɓangaren da ke ƙarƙashin teku ya nutse a ƙarƙashin wani, yakan tafi da ruwa a jikin duwatsunsa. In ya kai zurfin kimanin kilomita 100, sai ruwan ya tsattsafo ya shiga dutse mai zafi da ke bisansa, dutsen ya soma narkewa, narkakken ya nemi hanyar sama. Abin da ya jera duwatsun wuta a kewayen tekun Fasifik ke nan, tun daga Chile har Japan da Filifin, kuma shi ke addabar Indunusiya. Inda ɓangarori biyu ke rabuwa kuma, ƙasa ce ke tsagewa wutar ta samu ƙofa. Haka dutsen Nyiragongo ya malalo cikin garin Goma na Kwango a 2002, ya sake tashi a 2021.

To, amma wuta takan huda tsakiyar ƙwarya ma. Tsibiran Hawai a tsakiyar ɓangaren Fasifik suke, nesa da kowane ɗinki. Mu ma muna da namu jerin, mai tsawon kimanin kilomita 1,600, wanda ya taso daga tsibiran Sao Tome da Bioko, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya hau tudun Adamawa, reshensa ya kai har Biu a jihar Borno. Masana har yau suna muhawara kan abin da ke hura shi. Dutsen Kamaru dai ya yi aman wuta a 1999, ya ƙara a 2000.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu yake yi a yankin Wum na Kamaru, inda tafkin Nyos yake. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos, wanda ke zaune a bakin wani tsohon dutsen wuta na wannan jeri, ya saki iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka ta gangara kwaruruka ta rufe ƙauyuka mutane na barci. Sama da mutum 1,700 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500. Baba ya je bayan 'yan kwanaki neman wani Bafulatani abokin cinikinsa. Ya ce shanu na kwance a makiyaya kamar an yi musu umarni, babu rauni a jikin ko ɗaya, ruwan tafkin ya koma ja kamar tsatsa. Bai samu abokin nasa ba, bai samu kowa a rugar ba. Har ya bar duniya, in an ambaci Nyos sai ya yi shiru ya ɗauko tasbaha.

Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya kashe mutum 37 ta wannan hanya, aka bar maganar ta wuce. Sai a 2001 aka kafa bututun da ke zuƙo iskar Nyos a hankali.

Mun yarda komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, kuma Shi ya ba mu hankalin da za mu san inda za mu kafa ruga da inda za mu kauce wa. Ina roƙonku ku gyara waccan magana a fitowa ta gaba, ku buga taswirar wannan jeri daga Bioko zuwa Biu, da sunayen garuruwan da ke kansa, domin masu karatunku da yawa a can suke zaune.

Naku,
Wani malamin labarin ƙasa,
Bamenda, Kamaru.