Acedia ba lalaci ba ce, a riƙa duba asalinta kafin a fassara

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan tsohuwar kalmar nan acedia, wadda masu fassara ke mayarwa "lalaci" kai tsaye duk lokacin da aka zo kan manyan zunubai bakwai na koyarwar Kirista. Fassarar ba ta cika ba.

Kalmar ta Girkanci ce, akedia, kuma gaɓa biyu ce: a mai kore abu, da kedos mai nufin kulawa ko damuwa da wani, har da hidimar jana'iza. Asalinta ke nan rashin kulawa, halin ko-in-kula. Babu maganar ƙin aiki a ciki.

Wanda ya fito da ita fili shi ne Evagrius, rahibin da ya zauna a hamadar Masar ya rasu a 399. Ya sa ta cikin miyagun tunani takwas, ya kira ta aljanin tsakar rana, yana ishara da Zabura 91:6. Bayaninsa ya isa hujja. Ya ce takan kama rahibi daga sa'a ta huɗu zuwa ta takwas, wato daga hantsi zuwa wajen ƙarfe biyu na rana. Sai ya ga kamar rana ta tsaya cak, yini ya zama awa hamsin. Ya yi ta leƙen taga, ya fita ya dubi rana, ya tsani ɗakinsa da aikinsa, ya fara tunanin barin wurin gaba ɗaya. Wannan mutum bai kwanta ba, zama ma ya gagare shi. Zuciyarsa ce ta gundura.

Wani rahibi, John Cassian, ya kai kalmar cikin Latin a ƙarni na 5. Fafaroma Gregory, wanda ya hau a 590, ya rage jerin takwas ɗin zuwa bakwai ya cusa acedia cikin tristitia, baƙin ciki. Daga baya ta dawo da rubutun accidia, wasu har suka alaƙanta ta da acidus, tsami, alhali kamar sauti ce kawai. Italiyanci na riƙe da accidia har yau. Turanci ya ari accidie, sannan ya bar ta ya kama sloth, wadda ta fito daga slow, wato rashin sauri. A nan aka yi hasarar, domin ciwon zuciya ya koma nauyin jiki.

Sauran harsuna kowanne da inda ya kamo. Paresse ta Faransanci da pereza ta Sifaniyanci daga pigritia ta Latin suke. Jamusanci na cewa faul, kalma ɗaya ga ruɓaɓɓen ƙwai da malalacin mutum, abin da ya yi kusa da namu, tunda lalaci da lalacewa tushensu guda.

A ganina mafi kusa da acedia a Hausa ita ce kasala, wadda muka aro daga kasal ta Larabci. A Suratun Nisa'i aya ta 142 an ce munafukai na tashi salla suna kusala: sun tashi ɗin, amma ba da zuciya ba. Addu'ar da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Anas ma ta raba ajzu da kasal, malamai kuma suka ce na farko rashin iyawa ne, na biyu iyawa ba tare da himma ba.

Saboda haka mai fassara ya fara duba jimlar. In ana zancen wanda ke gudun aiki ne, lalaci ko ƙiwa ko son jiki sun wadatar. In rago ne mai saurin karaya, ragwanci. In kuwa nassin na maganar ibada ce da gundurar rai, kamar na Evagrius, sai a ce kasala ko mutuwar zuciya, a ƙara ɗan bayani a karon farko da kalmar ta fito.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai bibiyar shafinku na harshe