Roƙon Tallafi: Yaranmu Na Koyon Kwamfuta a Kan Kwali

Assalamu alaikum iyaye, tsofaffin ɗalibai da sauran masu son ci gaban makarantarmu.

Kwamitin iyaye da malamai ne ke rubuto muku kan wani abu da ya daɗe yana damunmu. Darasin kwamfuta na cikin jadawalinmu, amma ko kwamfuta ɗaya ba mu da ita.

Malaminmu kan zo da sassafe ya zana fuskar kwamfuta a allo da alli. Yara kuma kowa ya yanko kwali ya zana madannai, yana dannawa da yatsu. Sun haddace jerin haruffan tsaf. Amma ranar da aka aro mana laftof, wata yarinya mai hazaƙa ta ɗaga linzamin kwamfutar (mouse) sama, tana jiran kibiyar da ke fuskarta ta motsa. Ba laifinta ba ne, ba ta taɓa riƙe shi ba. Duk wanda ya gani, sai da jikinsa ya yi sanyi.

Wasunku za su tuna da Richard Appiah Akoto, malamin nan na Ghana da hotonsa ya zaga duniya a 2018 yana zana manhajar rubutu ta Microsoft Word a allo. Bayan haka aka kai wa makarantarsa kwamfutoci. Mu dai ku muke da su.

Ba sai sabuwa ba. Tsohuwar laftof ko ta tebur da ke ajiye a gida ko ofis tana shan ƙura za ta yi mana aiki, ko da ba ta da sauri. Za a goge duk bayanan da ke ciki a gabanku, a ɗora mata Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da LibreOffice na rubutu da lissafi, da Scratch na koya wa yara haɗa manhaja. Duk kyauta suke. Da manhajar Kiwix ma yara za su karanta kundin ilimi na Wikipedia ba tare da intanet ba.

Kwamfuta 10 muke fata a fara da su, yara su riƙa zama bibbiyu. Sai batun wuta: muna buƙatar sola da batir, don kada darasi ya tsaya. Wanda ya iya gyara, ko zai ba malamai horo a ƙarshen mako, shi ma muna maraba.

A kawo gudummawa, kaya ko kuɗi, ofishin shugaban makaranta, a karɓi rasit. Za mu karanto lissafin komai a taron iyaye mai zuwa. Allah Ya saka da alheri.

Kwamitin Iyaye da Malamai