An ɗora wa lauyan gwamnati kaya babu gammo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wasu ma'aikata da ba a cika jin muryarsu ba, wato lauyoyin da ke aiki a ma'aikatun shari'a na jihohi da na tarayya. Na shafe shekaru ina wannan aiki kafin in yi ritaya, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, an yi gyare-gyaren doka da dama a fannin shari'a cikin 'yan shekarun nan, kowanne ya taɓa lauyan gwamnati ta wata fuska, amma kusan dukkansu ƙarin nauyi suka zame masa.

Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ita ce mafari. Sashe na 376 nata ya ba ofishin Antoni-Janar kwana 14 kacal, daga ranar da fayil ɗin 'yan sanda ya iso, ya fitar da shawara a kan ko akwai hujjar gurfanar da wanda ake zargi ko babu. Sashe na 296 ya ƙayyade umarnin tsarewa na farko zuwa kwana 14, sashe na 396 kuma ya ce a riƙa sauraron shari'a kullum, idan hakan ya gagara to kada kowane ɓangare ya nemi ɗagewa fiye da sau biyar. Jihohi sun bi sahu da nasu dokokin, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Daga baya dokar 'yan sanda ta 2020 ta zo, sashe na 66 ya fifita ɗan sandan da yake lauya wajen gabatar da ƙara, ya taƙaita abin da wanda bai karanci lauya ba zai iya yi. Duk waɗannan tanade-tanade masu kyau ne, ni ma na yi murna da su. Sai dai wa'adin da aka rubuta a takarda mutum ne zai cika shi, kuma mutumin nan shi ne lauyan da ke zaune a ofishin daraktan gabatar da ƙararraki, fayiloli jibge a gabansa.

Mai karatu da bai taɓa shiga harkar kotu ba zai so ya san yadda abin ke tafiya. Idan aka kama mutum da zargin kisan kai ko fashi da makami, kotun majistare ba ta da hurumin yi masa shari'a, abin da take yi kawai shi ne ta tura shi gidan gyaran hali, ta ce ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Kafin shawarar ta fito sai 'yan sanda sun kwafi fayil sun aiko, sai an miƙa shi ga lauya, sai lauyan ya karanta bayanan shaidu da rahoton likita, alhali a safiyar ranar yana da shari'u a babbar kotu, wataƙila ma a wani gari, kuma da kuɗin aljihunsa zai sha mai. Har yau ina tuna wata dattijuwa da ta yi ta zarya ofishinmu kusan kowane mako, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, takardar yaron nan ta fito kuwa?" Ɗanta ya yi watanni a tsare. Rabin lokacin fayil ɗin bai iso gare mu ba, sauran rabin kuma yana ƙarƙashin wasu fayilolin a kan teburina, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ranar da na buɗe shi, shafuka kaɗan ne a ciki, babu shaida ko ɗaya da ta danganta yaron da laifin, kuma rubuta shawarar a sake shi bai ɗauke ni rabin awa ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma da yawansu irin wannan takarda suke jira.

Yanzu a dubi abin da aka yi wa sauran masu ruwa da tsaki. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran kundin tsarin mulki da ya mayar da shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna 70, maimakon 65 da alƙalan babbar kotu ke tsayawa a da. A watan Agustan 2024 ya sake sa hannu a dokar da ta ƙara albashi da alawus ɗin alƙalan da kashi 300 cikin 100. Ba na ƙyashin ko kwabo a ciki, domin alƙalai sun daɗe albashinsu na tsaye wuri ɗaya, kuma alƙali mai yunwa haɗari ne ga kowa. Lauyoyi masu zaman kansu su ma sun samu nasu a 2023, lokacin da aka fitar da umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin da za su karɓa a kan ayyukansu. Lauyan gwamnati kuwa yana nan a matsayin ma'aikacin gwamnati kamar kowa, zai bar aiki idan ya kai shekara 60 ko ya cika shekara 35 yana aiki, kuma jadawali na biyar na kundin tsarin mulki ya haramta masa yin wata sana'a ta ƙashin kansa in ban da noma. Ke nan ba shi da damar buɗe ofis da yamma ya cike giɓin da janye tallafin man fetur ya buɗe a aljihunsa. Alƙalan majistare ma, ya kamata a faɗa, dokar 2024 ba ta haɗa da su ba.

Sababbin ƙa'idojin aikin lauya na 2023, waɗanda suka fara aiki a farkon Janairun 2024, ba su bambanta lauyan gwamnati da na kasuwa ba wajen wajibai. Dole ya biya kuɗin lasisinsa kafin ƙarshen watan Maris, dole ya ci gaba da halartar kwasa-kwasan ƙarin ilimi. Wannan daidai ne, domin wanda zai tsaya gaban lauya mai lambar girma ta Babban Lauyan Najeriya (SAN) a kotu yana kare dukiyar jiha bai kamata iliminsa ya tsufa ba. Amma tun da an hana shi yi wa kowa aiki sai gwamnati, adalci shi ne gwamnatin ta ɗauki nauyin waɗannan kuɗaɗe a cikin kasafinta, a daina barin abin ga alherin kwamishinan shari'a da ke kan kujera.

Sakamakon wannan rashin daidaito a fili yake ga duk wanda ya zauna a ma'aikatar. Matashi zai shigo da ƙwazo, a koya masa yadda ake jagorantar shaida da yadda ake rubuta takardar tuhuma, da zarar ya goge sai ya fara neman hanyar fita, ko zuwa wata hukumar tarayya mai gwaɓin albashi, ko kamfani, ko kujerar alƙali idan ya cika shekara 10 da zama lauya. Daga nan manyan shari'un jiha sai a miƙa su ga lauyoyin waje a biya su kuɗi masu kauri, kuɗin da ko kaɗan daga cikinsu aka kashe a cikin gida da an riƙe ƙwararrun da suka tafi. Ƙungiyar lauyoyin gwamnati ta daɗe tana neman a daidaita albashin mambobinta da na alƙalan majistare, kuma a jihohi da dama sai an kai ga yajin aiki ake sauraronta, alhali duk ranar da aka yi a yajin aiki kwana ne aka ƙara wa wanda ke tsare.

Roƙona ga gwamnoni da majalisun dokokin jihohi shi ne su yi wa lauyoyin gwamnati tsarin albashi na musamman da doka ta kafa, su ɗauki ƙarin lauyoyi gwargwadon yawan fayilolin da ke shigowa, su kuma samar da hanyar da 'yan sanda za su riƙa aiko da fayil ta kwamfuta, a san ranar da ya shigo da sunan wanda yake hannunsa. Gyaran kundin tsarin mulki na watan Maris ɗin 2023 ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu, don haka duk gwamnan da ya gina nasa, daga baitulmalin jiharsa za a ciyar da kowane mai jiran shawara har ranar da za ta fito. Ina kuma kira ga ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, da ta sa wannan batu a gaba kamar yadda ta tsaya a kan albashin alƙalai har aka samu biyan buƙata.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani tsohon lauyan gwamnati,
Kano