Na gama, kuma ban kwana a Dala ba

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin Jamus? Na san ka ƙullace ni, wata huɗu ban ce maka uffan ba. Ka yi haƙuri. Akwai abin da nake son tambayarka, amma bari in fara sauke wannan labarin, don cikina ya kasa riƙe shi.

Na yi tseren! Kilomita 42 a kan takalmin tayan nan da ka rantse sai ya kai ni asibitin ƙashi na Dala. Yaran da muke atisaye da su ne suka haɗa, ranar Lahadi bayan sallar asuba, kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi. Mun samu wani shimfiɗaɗɗen titi wajen Nasarawa, aka auna kilomita 6 zuwa da dawowa, aka ce zagaye bakwai. Sai ga wancan ɗan taurin kan, ka san shi, ya kafe wai gudun yada-ƙanin-wani na gaskiya kilomita 42 ne da mita 195, in babu cikon nan ba a yi komai ba. Haka aka ƙara mana. Wallahi mita 195 ɗin nan ta fi zagayen farko gaba ɗaya tsawo.

Takalmina dai shi ne na gwanjon nan na Ƙofar Wambai, taya huɗu 'yan ƙanana masu milimita 80. Wasu sun zo da masu 110, wani ma da taya uku manya masu 125. Turawarsa ɗaya, ni sai na yi biyu. Daren tseren na zauna na wanke boris ɗin tayoyina ɗaya bayan ɗaya, don ƙurar hunturu ta shige su har suna kuka. Hajiya na kallona tana cewa ƙato da ni, sa'o'ina na neman aure ni ina wasan yara. Amma ita ce ta tashe ni, har da cusa min dabino a aljihu.

Ga inda na yi wauta. An sha gaya mana a jeru kamar raƙuman ayari, na gaba ya tare iska, na baya ya laɓe ya huta, in ya gaji a canza. Ni kuwa girman kai ya hana ni bin bayan yara. Na fice ni kaɗai, iska na dukan ƙirjina, ina jin kaina gwani. Zagaye na biyar jiki ya ce bai san zancen ba. Ba ƙafa ce ta fara ba, baya ne. Ka taɓa yin ruku'u na awa biyu? To haka ake tafiyar, a duƙe, hannu a baya. In na miƙe iska ta tare ni, in na duƙa ƙugu ya ce zai ɓalle. Ayarin ya zo ya wuce ni fuu, ko kallo ban ishe su ba.

Af, kafin in manta, mai shayin bakin layinmu ya ƙara aure, ya kuma ƙara kuɗin shayi a sati guda. Mun ce mu ke biyan lefen. Yana nan yana cigiyarka, bashin ƙwai biyun nan bai mutu ba.

To ina cikin wannan hali, har na fara neman dakalin da zan zauna, sai wani yaro da bai wuce shekara sha biyar ba ya rage gudu ya ce, "Yaya, shigo bayana." Kunya kamar in nutse. Na shiga. Nan take na ji kamar an sauke min buhun siminti. Shi ya ja ni zagaye biyun ƙarshe, yana ɗaga hannu in ya hango tsakuwa ko rairayi, don ƙaramin dutse ɗaya ya isa ya kifar da mutum. Na gama a awa biyu da rabi, na biyun ƙarshe. Wanda na riga tayarsa ce ta kwance.

Kai da ke kusa da Balin, ka san can ake yin babban tseren irin wannan, tare da gasar gudun fanfalakin birnin. Bart Swings ɗan Beljiyam, wanda ya ci zinare a tseren kan ƙanƙara a Beijin a 2022, ya gama nisan nan ƙasa da awa ɗaya. Ƙasa da awa ɗaya! A lokacin ni ko rabi ban kai ba. In ka samu hali ka je ka gano min yadda suke jeruwa, kada ka tsaya ɗaukar hoton kanka kamar yadda ka saba.

Tambayar da na ce zan yi maka ta shige min, wallahi. In ta faɗo zan aiko. Yaron dai na saya masa tsire, ya ce Lahadi mai zuwa ni zan tare masa iska.

Ka gaida mutanen gidan. Naka, mai sallah a zaune tun shekaranjiya.