Ƙarfin Injin Golf 3: A Daina Yaudarar Samari

Edita,

Ni bakanike ne a Kano, kuma abin da wasu abokan sana'ata ke yi wa samari masu son gudu yana damuna. Yaro ya kawo Golf 3 mai injin lita 2.0, a faɗaɗa silinda da rabin milimita, a saka sabon fistin, sai a ce masa ƙarfinta ya ninka.

Injin nan, mai bawul takwas, ƙarfin doki 115 ya fito da shi daga kamfani. Faɗin silinda milimita 82.5 ne, idan ya koma 83, girman cikin injin, wanda ake aunawa da cc, ya tashi daga 1984 zuwa kusan 2008. Ƙarin bai kai doki biyu ba!

Ƙarfi yana zuwa ne daga yawan iska da man da injin ke sha, wanda ya dogara da bawul, kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) da salansa, kuma dole su dace da juna. Wasu kuma su kankare kan silinda fiye da kima, injin ya riƙa ƙwanƙwasa, zafi ya ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin injin.

Duk wanda zai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kayan mota, don Allah ya tafi da awon silindarsa a rubuce, ya kuma ware kuɗin lagireto da birki tun farko.

Naku,
Wani bakanike, Kano