Labarin Orlando maganar gado ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan sharhin da ya fito a shafinku na adabi game da marubuta mata na Ingila a farkon ƙarni na 20. Mai sharhin ya yi ƙoƙari, sai dai da ya zo kan littafin Orlando na Virginia Woolf, sai ya ce tatsuniya ce kawai ta namijin da ya wayi gari ya koma mace. Ni kuwa da na daɗe ina koyar da littafin, ina ganin maganar gado ce tsakiyarsa.

Woolf ta rubuta shi ne saboda ƙawarta Vita Sackville-West, wadda ta tashi a Knole, wani katafaren gidan masu sarauta a yankin Kent. Ita kaɗai iyayenta suka haifa. Amma da mahaifinta ya rasu a farkon 1928, gidan bai faɗa hannunta ba, ƙanin mahaifinta ne ya gaje shi, don tsarin gadon gidan ta ɗa namiji yake bi. A watan Oktoba na wannan shekarar Orlando ya fito.

A cikin labarin, Orlando jakada ne a birnin Santambul lokacin da ya kwanta dogon barci ya tashi mace. Halinsa da tunaninsa ba su sauya ba. Abin da ya sauya shi ne yadda doka ke kallonsa. Tana komawa Ingila sai ta tarar da ƙararraki na jiran ta a kotu: ana cewa ta mutu, don haka ba ta da ikon mallakar dukiya, ana kuma cewa mace ce, wanda Woolf cikin ba'a ta nuna kusan duk ɗaya ne. Wannan ba'ar ita ce zuciyar littafin, kuma ita mai sharhin ya tsallake.

Shekarar 1928 ɗin ma ba ƙaramar shekara ba ce. A cikinta aka daidaita matan Birtaniya da maza a shekarun jefa ƙuri'a, wato 21. A cikinta kuma Woolf ta yi wa ɗalibai mata lacca a kwalejojin Newnham da Girton na Jami'ar Cambridge, laccar da daga baya ta zama littafin da a cikinsa ta ce mace na buƙatar fam 500 a shekara da ɗakin kanta kafin ta iya rubuta ƙagaggen labari. Waɗannan ɗaliban fa, jami'ar ba ta ba mata cikakken digiri ba sai 1948.

Ina roƙon ku ba mai sharhin fili ya sake waiwayar littafin, wannan karon ya fara daga babin komawar Orlando gida.

Taka mai karatu,
Wata malamar adabi daga Zariya