Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Walwalar Jama'a na Ƙasar Tailan

Mai girma Minista,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ungozoma ce, kuma maganar wata uku ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Dokarku ta 2007 mai kare waɗanda ake cin zarafinsu a cikin gida ta ba matar da miji ya daka wa'adin wata uku ta kai ƙara, tun daga lokacin da ta samu damar yin hakan. In wa'adin ya wuce, ƙara a ƙarƙashin dokar ta mutu. Don Allah ku lissafa wa mai cikin wata bakwai. Ciki ya yi nauyi, ƙafa ta kumbura, wanda ya haure ta shi zai goya ta a babur zuwa awo, shi zai tsaya a bakin ƙofa yana saurare. Sai naƙuda. Sai zaman gefen wuta da kuke kira yu fai, wanda mu ma muka san ɗan'uwansa a jego. Sai shayarwa, ba barci, ba ko sisi nata na kanta. A wace rana cikin waɗannan za a ce ta samu dama?

In ma ta daure ta je, hukuncin da dokar ta tanada bai wuce ɗaurin wata shida ko tarar baht (kuɗin Tailan) 6,000 ba, ko duka biyun, kuma an bar ƙofar sasanci a buɗe. Ba na ƙin sulhu. Amma mai jegon da ɗinkinta bai warke ba, ga jariri a hannu, ga dangin miji a kanta, duk abin da aka miƙo mata za ta sa hannu.

Ba yau kuka san da wannan ba. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2005 a Bangkok da lardin Nakhon Sawan ya nuna kusan 4 cikin 100 na matan da suka taɓa haihuwa ko ɗaukar ciki sun sha duka da juna biyu. A 2019 aka zartar da sabuwar doka don ta maye gurbin ta 2007, a shekarar kuma aka dakatar da ita aka koma wa tsohuwa.

Na san akwai layin wayar neman agaji na 1300, akwai cibiyoyin agaji a asibitocin gwamnati. Ku sa a riƙa tambayar mai ciki ita kaɗai a ɗakin awo ko ana dukanta a gida. Amma kafin komai, ku kai wa majalisa gyaran da zai hana wa'adin nan tafiya muddin mace tana da ciki ko tana jego.

Na gode.